Tseren Motoci a Filin Yumɓu: Direbobi Masu Zaman Kansu da Matasan da Ke Girgiza Manya a Amurka

A daren Asabar 9 ga watan Agustan 2025, wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Ryan Timms, daga birnin Oklahoma na ƙasar Amurka, ya lashe gasar Knoxville Nationals, wadda ita ce mafi daraja a duniyar tseren motocin da ake kira "sprint car". Tun daga zagayen farko har zuwa na 50 babu wanda ya sha gabansa. Rico Abreu ne ya zo na biyu, David Gravel na uku, kuma dukansu biyun su ne suka ƙare wannan shekara da kambun manyan gasannin ƙasar guda biyu. Timms kuwa ba ya cikin direbobin dindindin na ko ɗaya daga cikinsu. Motar da ya tuƙa mai lamba 10 ta wata ƙaramar ƙungiya ce, Liebig Motorsports, daga Rapid City a jihar Dakota ta Kudu, kuma ya koma gida da kyautar da ta kusa dala dubu 200.

Da wuya a ga irin wannan a tseren Formula 1 ko na NASCAR, inda ƙungiyar da ta fi kuɗi da injiniyoyi ita ce yawanci ke kan gaba. A filin yumɓu abin yakan faru, kuma yana faruwa ne saboda dalilai da ke tattare da ita kanta motar, da ƙasar da take gudu a kai, da kuma yadda ake raba kuɗi a wasan.

Motar da filinta

Motar ƙarama ce, mai kujera ɗaya, tayoyinta a waje suke, kuma nauyinta har da direba bai wuce kimanin kilo 650 ba. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa lita 6.7, yana shan man metanol maimakon fetur, yana kuma bayar da ƙarfin doki kusan 900. An cire mata duk abin da zai ƙara nauyi: ba ta da sitata, ba ta da kuloci, ba ta da jerin giya irin na motar gida. Wata mota ce ke tura ta daga baya kafin ta tashi, kamar yadda ake yi wa motar da batirinta ya mutu. Idan ta mutu a tsakiyar tsere, sai an sake zuwa an tura ta.

Abin da ya fi ɗaukar ido a jikinta shi ne ƙaton fiffiken da ke bisa kan direba, ƙafa biyar tsawo da ƙafa biyar faɗi. Aikinsa kishiyar na jirgin sama ne: iska ce ke danna shi ƙasa domin tayoyi su kama. Direba na iya matsar da shi gaba ko baya yana cikin gudu. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma, saboda haka motar da kanta take karkata hagu, kuma hagu kaɗai ake juyawa a waɗannan filaye masu siffar ƙwai. Tsawon zagaye ɗaya a manyan filaye kimanin mita 800 ne, ana cinye shi cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka, da gudun da ke haura kilomita 200 a sa'a guda.

Filin shi ne tushen maganar. Kafin a fara, ana jiƙa yumɓun da ruwa a daddanne shi, don haka da farkon dare yana da danƙo, taya na kamawa sosai, injin da ya fi ƙarfi shi ke da rinjaye. Yayin da motoci ke ta bi, ƙasar sai ta bushe, ta yi baƙi, ta yi santsi kamar an shafa mata mai. Yumɓun da tayoyi suka watsa kuma sai ya taru a gefen waje ya zama tudu, wani lokaci dab da katanga. A nan direba ke da zaɓi. Ko dai ya bi ta ciki a hankali yana lallaɓa totur, yana neman ɗan sauran danshi, ko ya hau can sama ya jingina tayar dama da wannan tudu, hanyar da ta fi nisa amma ta fi gudu, wadda kuskuren taƙi ɗaya a cikinta ke iya kifar da mota. Layin da ya yi kyau a zagaye na biyar yana iya lalacewa kafin na ashirin. Idan ƙasa ta yi santsi, ƙarfin inji ya zama kaya, domin ba duka taya za ta iya ɗauka ba. Daga nan sai ido, da ƙafa, da sanin halin filin.

Wannan ne ya sa wanda yake tsere a fili ɗaya kowane mako yake da abin da kuɗi ba ya saye. Timms ya shafe daminar 2025 yana zuwa filin Knoxville a ranakun Asabar, yana cin tseren mako-mako, kafin baƙi su iso a watan Agusta. Da ɗan gari akan ci gari.

Wane ne mai zaman kansa?

A shekarun 1970 akwai direbobin da suka ƙi ɗaure kansu da kowace hukumar tsere, suna yawo daga jiha zuwa jiha, duk inda aka sa kyauta mai tsoka nan suke nufa. Ana kiransu "outlaw", wato waɗanda suka fita daga ƙarƙashin doka. A 1978 Ted Johnson ya tattara su ya kafa gasar World of Outlaws, mai jadawali da maki da zakara a ƙarshen shekara. A cikinta ne Steve Kinser na jihar Indiana ya lashe kambu 20, Donny Schatz ya lashe 10, Brad Sweet kuma ya jera biyar daga 2019 zuwa 2023.

Abin ban dariya a nan shi ne sunan ya juya wa ma'anarsa baya. A yau direban dindindin na World of Outlaws yana sa hannu a yarjejeniya, yana bin jadawalin da ke farawa a Florida cikin Fabrairu ya ƙare a Charlotte cikin Nuwamba, darare 80 ko fiye. Ana ba ƙungiyarsa kuɗin zirga-zirga da kaso daga asusun maki, amma an ƙayyade masa yawan tseren da zai iya shiga a waje. Kyle Larson da surukinsa Brad Sweet sun kafa gasar High Limit, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 2024 bayan sun sayi All Star Circuit of Champions daga hannun Tony Stewart. Ita ta fi sassauci, amma duk wanda ke neman kambunta dole ya bi jadawalinta.

Mai zaman kansa shi ne wanda bai ɗaure da ko ɗaya ba. Shi da mai motar suke zama da kalanda su zaɓi inda za su je: Juma'a a filin gida, Asabar a inda Outlaws suka sauka, Laraba a tseren High Limit mai kyauta. Idan aka yi hasashen ruwan sama a gabas, sai ya juya tirelarsa yamma. Idan inji ya fashe, sai ya huta mako biyu ba tare da ya rasa maki ba, tunda dama ba makin yake nema ba. Sai dai babu wanda ke biyansa kuɗin hanya. Abin da ya ci a daren shi ne nasa.

Kada a ɗauka zaman kai na nufin talauci. Sabon inji ɗaya na kai wa dala dubu 60 ko fiye, kuma bayan wasu 'yan darare sai an kwance shi an sabunta kayan ciki. Ƙungiyar da ke son yin gogayya da manya tana buƙatar injuna da yawa, da gangar mota fiye da ɗaya, da babbar tirela, da makanikai biyu ko uku. Tseren mako-mako kuwa yawanci kimanin dala dubu biyar yake bai wa na ɗaya, na World of Outlaws na yau da kullum dala dubu 10 zuwa 12. Wanda ya ƙare na goma sha biyar ko kuɗin taya da mai ba lalle ya mayar ba. Shi ya sa bayan kusan kowane direba mai zaman kansa akwai kasuwancin iyali ko wani attajiri mai son wasan.

Rundunar Pennsylvania

Babu inda zaman kai ya yi ƙarfi kamar tsakiyar jihar Pennsylvania. A can akwai filaye uku da ba su da nisa da juna, Williams Grove da aka buɗe a 1939, da Port Royal, da Lincoln, kuma suna biyan kuɗin da direba zai iya rayuwa a kai ba tare da ya yi nisa da gida ba. Direbobin yankin ana kiransu Pennsylvania Posse. Duk lokacin da Outlaws suka sauka a Williams Grove, 'yan kallo kan rabu gida biyu, ana ƙirga wanda ya ci tsakanin 'yan gida da baƙi kamar wasan hamayya na ƙwallon ƙafa. Dattijo Lance Dewease ya ci tsere fiye da 100 a wannan fili kaɗai, ya kuma sha kayar da baƙi yana da shekaru sama da hamsin. Danny Dietrich na Gettysburg, mai lamba 48, ya yi suna da iya tuƙi da kuma rashin ɓoye abin da ke bakinsa.

Daga cikin wannan runduna mutum biyu ne suka fi nuna iyakar abin da mai zaman kansa zai iya. Na farko shi ne Brent Marks na garin Myerstown. Ya shafe wasu shekaru yana bin Outlaws da motar iyalinsa, ya ga wahalar hanya, sannan ya koma zaɓen tseren da ya ga dama. A watan Yulin 2022, a filin Eldora da ke jihar Ohio, wanda Earl Baltes ya gina a 1954 kuma Tony Stewart ya saya a 2004, Marks ya ci gasar Historical Big One mai dala dubu 100, bayan kwana biyu kuma ya ci Kings Royal mai dala dubu 175. Dala dubu 275 ke nan cikin mako guda, a gaban dukan manyan ƙungiyoyin ƙasar.

Na biyu shi ne Anthony Macri na Dillsburg, mai lamba 39M, wanda laƙabinsa ya samo asali daga sana'ar kankare ta iyalinsa. A 2022 ya ci tsere fiye da 20, ya fi kowa yawan nasara a faɗin ƙasar a wannan rukuni na motoci. An san shi da hawa can saman Port Royal, inda tayarsa ke kusan shafar katanga. An daɗe ana cewa ƙarfinsa a gida ne kawai, kuma a tsakiyar 2023 har ya bar motar iyalin na ɗan lokaci kafin ya dawo. A Yulin 2025 ya rufe bakin masu wannan magana da ya ci Kings Royal a Eldora, aka naɗa masa kambi da alkyabba a kan karaga kamar yadda al'adar gasar take tun 1984. Manyan gasanni biyu na shekarar, Kings Royal da Knoxville Nationals, duka sun faɗa hannun waɗanda ba su da yarjejeniya da kowa.

A jihar Missouri akwai Brian Brown, wanda shi ne direba kuma shi ne mai ƙungiya. Sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, yana zuwa na biyu a Knoxville Nationals, kowane karo a bayan Donny Schatz. Ƙwarewarsa wajen riƙe kamfanoni masu ɗaukar nauyi shekara da shekaru ta sa masu tasowa da dama ke kallonsa a matsayin abin koyi a ɓangaren da ba a gani a fili.

Matasan Kalifoniya

Idan Pennsylvania ce gidan masu zaman kansu, Kalifoniya ce makarantar matasa. Yara a can suna farawa da ƙananan motoci masu fiffike a ƙananan filaye tun suna firamare, kafin su kai shekara 16 sun riga sun yi tsere ɗaruruwa. Ta wannan hanya Kyle Larson ya biyo. Giovanni Scelzi na Fresno yana da shekara 16 ya ci tseren World of Outlaws a Williams Grove a 2018, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yin haka a lokacin.

Michael Kofoid, wanda aka fi sani da Buddy, ɗan garin Penngrove ne, an haife shi a 2001. Ya fara yin suna a rukunin ƙananan motoci marasa fiffike, inda ya lashe kambun ƙasa na hukumar USAC a 2021 da 2022. Ya shiga World of Outlaws a matsayin direban dindindin a 2024 da motar Roth Motorsports mai lamba 83, kuma a 2025 ya ci gasar High Bank Nationals a filin Huset's, mai kyautar dala dubu 250, ya ƙare shekarar a matsayi na biyu a bayan Gravel. A cikin matasan da ke fagen a yanzu, shi ne ya fi kama da zakaran gobe, domin ya haɗa gudu da abin da matasa suka fi rasawa, wato kai mota gida lafiya a daren da ba nasa ba.

Corey Day na garin Clovis, wanda aka haifa a 2005, shi ne wanda aka fi yi wa kirari da baiwa. Jason Meyers, zakaran Outlaws na 2010 da 2011, shi ya ba shi mota mai lamba 14 yana ɗan shekara goma sha. A 2023 Day ya lashe kambun yankin Kalifoniya, ya kuma ci gasar Gold Cup a garin Chico a gaban Outlaws. A 2024 ya bi High Limit ya ci tsere da dama. Farkon 2025 kamfanin Hendrick Motorsports, wanda Larson ke tuƙa wa a NASCAR, ya ɗauke shi domin horar da shi a tseren kwalta. Masoya yumɓu sun yi murna, sun kuma yi takaici, domin sun san inda hanyar ta nufa: Jeff Gordon, Tony Stewart, Kasey Kahne da Christopher Bell duk ta nan suka fita.

Shi kansa Rico Abreu, wanda ya lashe kambun High Limit na 2025, ya shafe shekaru yana zaman kansa da motarsa mai lamba 24. Tsawonsa ƙafa huɗu da inci huɗu ne saboda wata lalura ta girman ƙashi da aka haife shi da ita, don haka ake yi wa kujerarsa da abin taka totur gyara na musamman. Hakan bai hana shi cin gasar Chili Bowl ta birnin Tulsa sau biyu a jere ba, a 2015 da 2016.

Abin da ake sa wa a caca

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tayoyin da ke waje idan suka taɓa juna, mota kan tashi sama ta yi ta juyawa. Fiffiken kan shanye wani ɓangare na bugun, kujeru da kariyar wuya sun inganta ƙwarai, amma wasan ya ci rayukan gwanayensa. Bryan Clauson ya rasu a 2016 bayan haɗari a Belleville ta jihar Kansas. Jason Johnson, wanda ya kayar da Schatz a Knoxville Nationals ta 2016 da motar ƙungiyar da shi ya kafa, ya rasu a watan Yunin 2018 bayan haɗari a jihar Wisconsin. Watanni uku bayan haka Greg Hodnett, ɗaya daga cikin jigogin Pennsylvania, ya rasu a wani fili da ke jihar. Ga mai zaman kansa, ko raunin da bai kai ga rai ba babbar asara ce, domin babu albashin da ke shigowa yayin da yake kwance.

Sannan akwai wani abu da nasara kanta ke jawowa. Da zarar mai zaman kansa ya yi fice, sai ƙofofin da za su raba shi da zaman kan su buɗe. Marks ya shiga High Limit a 2024. Abreu ma haka. Ƙungiyar Shark Racing, wadda Bobby Allen, zakaran Knoxville na 1990, ya kafa da ɗansa Jacob da jikansa Logan Schuchart, ta shiga Outlaws a 2014 da tsofaffin kaya da aljihu kusan babu komai, ta jure, har Schuchart ya ci gasar Eldora Million a 2023, mai kyautar dala 1,002,023, mafi girma a tarihin wasan. Kamfanoni masu ɗaukar nauyi sun fi son direban da za a gani kowane dare a tashoshin intanet na DIRTVision da FloRacing, waɗanda ke watsa gasannin biyu, a kan wanda ba a san inda zai kwana gobe ba.

High Limit ta ƙara wani mataki da ta ɓullo da tsarin bai wa ƙungiyoyi goma kujerar dindindin mai kason kuɗi tabbatacce daga 2026, kwatankwacin abin da NASCAR ke yi. Ga masu ƙungiyoyi wannan kariya ce, domin karon farko suna da kadarar da za su iya sayarwa ban da tsofaffin injuna. Amma yana faɗaɗa tazara tsakanin wanda ke ciki da wanda ke waje, tunda na cikin zai iya sayen ƙarin inji da kuɗin da bai dogara da sakamakon daren ba.

Abin da har yanzu ke riƙe da ƙofar a buɗe shi ne yadda manyan gasanni suke karɓar kowa. A Knoxville, garin da mutanensa ba su kai dubu takwas ba amma yake karɓar 'yan kallo sama da dubu 20 a makon gasar, motoci fiye da 100 ne ke yin rajista kowace shekara. Ana raba su gida biyu, Laraba da Alhamis, kowa ya tara maki daga gwajin gudu da tseren share fage. Wanda ya gaza yana da damar Juma'a, sannan jerin tseren cike gurbi na Asabar. Motoci 24 ne ke shiga zagaye 50 na ƙarshe, kuma ba a keɓe wa zakaran kowace gasa gurbi saboda sunansa. A 2025 David Gravel, yana riƙe da kambun World of Outlaws, sai da ya bi ta daren Juma'a kafin ya samu shiga, ya taso daga can baya ya ƙare na uku. Timms, wanda Kenny Weld na 1964 kaɗai ya fi shi ƙuruciya a cikin waɗanda suka taɓa cin gasar, daga layin farko ya tashi.